Kitsen Ƙoda: Daga Bagaden Ƙudus Zuwa Zauren Karatu a Waca

Duk wanda ya taɓa yin babbar salla a Waca ya san ƙamshin da ke cika gari daga hantsi har dare. An sauko daga idi, liman ya yanka nasa, kowane mai gida ya kayar da ragonsa. Kafin azahar an feɗe, an buɗe raguna an soke su da itace, an jera su kewaye da wuta kamar yadda ake yi a ƙasar Damagaram baki ɗaya. A cikin gida kuwa mata na kan wani aikin. Suna yaye farin kitsen nan da ke lulluɓe da tumbi kamar mayafi, suna ɓamɓare wanda ya daskare a jikin ƙoda, su yayyanka su zuba a tukunya. Idan ya narke ya zama man da za a soya nama da shi, a ajiye ya yi makonni bai lalace ba, sauran kuma ya kwana ya zama kakide. Ba a zubar da ko ɗan yatsa. Bahaushe da ya ce ana yi wa rogo kallon kitse, ai ya riga ya faɗi matsayin kitse a wurinsa.

Wannan kitsen na tumbi da na ƙoda yana da tarihi mai tsawo, kuma guntun tarihin yana nan a cikin wani littafi da ake karantawa a zaurukanmu kullum. Duk ɗalibin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya kama Risala, zai iso babin layya da yanka da farauta. A nan mai littafin ya bayyana cewa babu laifi a ci abincin Ahlul Kitabi da yankansu, sai dai an karhanta cin kitsen dabbar da Bayahude ya yanka, ba tare da an haramta ba. Ranar da muka iso wurin, na ce, "Allah gafarta malam, me ya raba kitsen da naman, tunda wuƙa ɗaya ta yanka su?" Malam ya ce kitsen haramun ne a kansu a shari'arsu, ya karanto ayar, muka wuce. Amsarsa daidai ce, amma gajera ce, domin babu mahaucin Bayahude a kasuwar Waca ko ta Magarya ko ta Dungas da zai sa a tsaya. Shekaru da yawa bayan haka na bi sawun maganar, na tarar ta kai ni nesa ƙwarai.

Ayar da malam ya karanto ita ce ta 146 a Suratul An'am. Ta ba da labarin cewa an haramta wa Yahudawa kitsen shanu da na tumaki da awaki, ban da wanda ke bisa gadon baya, ko jikin hanji, ko wanda ya cakuɗe da ƙashi, kuma ta ce sakayya ce saboda zaluncinsu. Magabatan masu tafsiri, kamar yadda Ɗabari ya tattaro, sun ce abin da aka haramta shi ne kitsen mayafin tumbi da na ƙoda. Wato dai ainihin wanda matan Waca ke fara jefawa cikin tukunya.

Idan aka buɗe Attaurar da ke hannun Yahudawa a yau, dokar tana cikin littafi na uku, wanda ake kira Littafin Firistoci, a babi na 3 da na 7. Ibrananci yana da kalmomi biyu inda mu muke da ɗaya. Akwai heleb, shi ne haramtaccen, akwai shuman, kitsen da ya ratsa tsoka, wanda ake ci, kuma tushen kalmar ɗaya ne da samnu na Larabci. Dokar ba ta hau kan kowace dabba ba. Sa da tunkiya da akuya kaɗai ta shafa. Kitsen barewa halal ne a gare su, haka na kaza da agwagwa. Dalilin wannan bambanci shi ne mabuɗin maganar gaba ɗaya: waɗannan ukun su ne dabbobi masu ƙafa huɗu da ake kaiwa hadaya, kuma kitsensu shi ne rabon da ake ɗorawa a kan bagade, wato dakalin da ake ƙona hadaya a kansa.

Mutum zai zo da ragonsa ƙofar wurin ibada, ya ɗora hannu a kansa, a yanka. Limamai, waɗanda duk zuriyar Annabi Haruna (AS) ne, su tari jinin su watsa a jikin bagade. Sai a buɗe ciki a ciro kitsen da ya rufe kayan ciki, da ƙoda biyu da kitsensu, da wani ɗan leɓe da ke jikin hanta. In tunkiya ce a haɗa da wutsiya dungurungum, a yanko ta daga gindin ƙashin baya. A barbaɗa gishiri, a ɗora a wuta. A irin hadayar da suke kira ta salama, ƙirji da cinyar dama na limamai ne, sauran nama mai dabba ya ci da iyalinsa. Kitse da jini kuwa ba na kowa ba ne. A fahimtarsu rabon Ubangiji ne, kuma wanda ya ci da gangan hukuncinsa karet, wato a datse shi daga cikin jama'arsa, hukuncin da malamansu suka ce daga sama yake zuwa.

A nan mutane da yawa ke kuskure, su ɗauka an hana kitsen ne don ƙazanta, kamar naman alade ko mushe. A cikin Attaura akasin haka ne. Kalmar heleb har ana amfani da ita a ce mafi kyawun alkama ko mafi kyawun mai. Abin da ya fi daraja a jikin dabba ne aka ce a ɗaga hannu a kansa. Duk makiyayin da ya ga yadda raguna ke ramewa a bazara kafin ruwa ya sauka ya san kitse shi ne shaidar shekara mai albarka. A Littafin Farawa ma, inda aka kawo labarin Habila da Ƙabila, an ce Habila ya kawo ƴaƴan fari na garkensa da kitsensu, aka karɓa. Alƙur'ani ya nuna fuskar horo a cikin haramcin, littattafansu sun nuna fuskar keɓewa. A ganina ɗalibi ya kamata ya san duka biyun, ya san wace magana ce tamu, wace ce tasu, kada ya cakuɗa.

Akwai wani labari a littattafansu, a littafin Sama'ila na farko da ke nuna nauyin abin a zuciyar talaka. A garin Shilo, tun kafin a gina Haikali, babban ɗakin ibadarsu, a Ƙudus, wani babban limami mai suna Eli yana da ƴaƴa biyu, Hofni da Finehas. Sukan aiko bara ya karɓi ɗanyen nama daga hannun mai hadaya tun ba a ƙona kitsen ba. Mai hadaya ya roƙa a bari a ƙona kitse tukuna, sannan a ɗebi duk abin da ake so, bara ya ce in ba a bayar ba zai ƙwata. Littafin ya lissafa wannan cikin manyan laifukan da suka jawo halakar gidan Eli. Abin da ya taɓa ni a labarin shi ne, baƙauyen da ya jawo dabbarsa daga nesa ya fi ƴaƴan limami kishin ƙa'idar.

Haikalin da Annabi Sulaimanu (AS) ya gina ya tsaya har zuwa wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Bukhtanassar sarkin Babila ya rushe shi. Aka sake ginawa, aka gama wajen shekara ta 516, wuta ta koma kan bagade. Littafin Mishna na malaman Yahudawa ya adana yadda ranar idinsu na Fasaha take a wannan Haikali na biyu. Jama'a na shiga rukuni uku saboda cunkoso, a rufe ƙofa bayan kowane rukuni. Akwai ƙugiyoyi a jikin bango da ginshiƙai inda ake rataye raguna a feɗe, a ciro kitsen a zuba a tire a miƙa wa limami. Kitsen da wuni bai isa a ƙone shi ba, akan ci gaba da ƙona shi dare farai har ketowar alfijir. Sai a shekara ta 70 miladiyya sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka ci Ƙudus, suka ƙone Haikalin. Daga ranar hadaya ta tsaya a addinin Yahudawa, ba ta dawo ba har yau.

Mai hankali zai zata tunda bagade ya tafi, kitse ya zama na kowa. Ba haka aka yi ba. Nassin ya ce doka ce ta har abada a duk inda suke zaune, saboda haka malamansu suka ɗauke ta daga harabar Haikali suka kai ta mahauta. Mishna, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 a ƙarƙashin Yahuda Hanasi, tana da sashe guda mai suna Hullin a kan yankan yau da kullum, Talmud kuma ya faɗaɗa shi. Suka zauna suka bambance kitse da kitse. Wanda ke shimfiɗe a kan gaɓa da tantani a bisansa, ana iya yaye shi, haramun ne. Wanda tsoka ta rufe, halal ne. Gwargwadon ƙwayar zaitun ya isa a ce mutum ya ci. Har misalin da suka fi bugawa a kan shakka na kitse ne: mutum yana da yanka biyu a gabansa, ɗaya heleb ɗaya shuman, ya ci ɗaya bai san wanne ba. A zamanin Haikali akwai hadaya ta musamman da irin wannan mutum zai kai. Suka ci gaba da koyar da hukuncinta ɗaruruwan shekaru bayan babu inda za a kai ta. Wanda ya zauna a zaure ya ga ana karanta hukuncin bayi da na zakkar raƙuma a garin da babu bawa babu garken raƙuma, ba zai yi mamakin wannan ba.

Daga nan wata sana'a ta fito, ana ce mata nikkur, mai yin ta kuma menakker. Bayan mai yanka ya gama, shi ne zai zauna da ƙaramar wuƙa yana bin nama yana zare haramtaccen kitse da jijiyoyin jini, da wata doguwar jijiya ta cinya da suka daina ci tun daga wani labari na Annabi Yaƙubu (AS) da ke cikin littattafansu. Aikin ya fi wuya a rabin dabba na baya, inda ƙoda da kwiɓi suke. Shi ya sa a garuruwa da yawa na Turai suka haƙura da rabin bayan gaba ɗaya, suna sayar wa maƙwabtansu Kirista, yayin da Yahudawan Yaman da na Maroko suka riƙe gwanintar gyara shi. Da yake ba su cin kitsen alade, na cikin sa ya haramta, ba su kuma haɗa man shanu da nama, sai Yahudawan Jamus da Folan suka koma kiwon dinya suna narka kitsenta. Malaminsu Yusuf Karo ya tsara dukkan waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa Shulhan Arukh, wanda aka buga a birnin Banis a 1565, kuma shi ne madogararsu har yanzu.

Wutsiya ta tayar da ƙura. Tumakinmu, balami da uda, siraran wutsiya gare su, saboda haka maganar na iya yi mana baƙunta. Tumakin Sham da Hijaz kuwa wutsiyarsu faffaɗa ce, curin kitse ne mai nauyi, sunanta alya a Larabci da Ibrananci duka. Tunda ana ƙona ta a bagade, shin an hana cin ta? Malaman Talmud suka ce halal ce. Ƙara'iyawa, ƙungiyar da ta bayyana a Iraƙi wajen ƙarni na 8 tana ƙin bin Talmud, suka ce haramun ce, aka yi ta rubuce-rubucen raddi da Larabci a tsakaninsu. Masu tafsirinmu da dama sun fassara kitsen da ya cakuɗe da ƙashi, wanda ayar An'am ta togace, da cewa wutsiyar ce.

Musulunci bai zo da bagade ba. Aya ta 37 a Suratul Hajji ta bayyana cewa naman hadaya da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa. Don haka babu wani yanki na ragon layya da ake ƙonawa, ana ci ne a ciyar. Abin da aka hana shi ne sayarwa, ko fata ce ko kitse, kuma ba a biyan mahauci ladansa daga jikin dabbar. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Nana A'isha (RA) a kan shekarar da aka hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda matalautan ƙauye da suka kwararo Madina. Daga baya mutane suka kawo kukan cewa da can suna narka kitsen layyarsu suna yin salka da fatunta, sai Annabi (SAW) ya bayyana musu dalilin hanin, ya ba su izinin ci da sadaka da ajiyewa. Tukunyar kakide ta matan Waca tana da asali tun daga Madina.

Saura tambaya ɗaya: in Bayahude ne ya yanka, Musulmi zai ci abin da shi mai yankan ba ya ci? A yaƙin Khaibara, shekara ta 7 bayan hijira, an jefo wata jakar fata cike da kitse daga ganuwar Yahudawa. Sahabi Abdullahi ɗan Mugaffal (RA) ya rungume ta, ya waiwaya ya ga Annabi (SAW), kuma a ruwayar Muslim yana murmushi, bai hana shi ba. Da wannan Abu Hanifa da Shafi'i suka halatta. A mazhabar Malik aka sami zance uku, haramci da karhanci da halacci, kuma hujjar masu ƙyama tana da zurfi. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincinsu, to kitsen da ba sa ci abincinsu ne? Kuma wanda ya ɗora wuƙa ba da niyyar halatta wannan yanki ba, yankansa ya game shi? Masu halattawa suka ce yanka ba ya rabuwa, in dabba ta halatta ta halatta duka, kuma haramcin ya faɗi da zuwan shari'ar ƙarshe. Karhanci ya zama mashahurin zance, shi ne kuma Khalil ya tafi a kai a Mukhtasar.

Wanda ya rubuta Risala, Ibn Abi Zaid, an haife shi a 922 ya rasu a 996 a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau. Wannan shi ya warware mini ƙullin abin da ya sa hukuncin ya shiga littafin. Ƙairawan a zamaninsa tana cikin manyan cibiyoyin ilimin Yahudawa a duniya. A can likitan nan Ishaƙ al-Isra'ili ya yi aiki a fadar sarakuna. A shekara ta 987, Ibn Abi Zaid yana raye, shugaban makarantar Fumbadita ta Iraƙi, Sherira Ga'on, ya aiko wa Yahudawan Ƙairawan doguwar wasiƙarsa a kan tarihin Mishna da Talmud, amsar tambayar da suka yi masa. Ke nan a birnin akwai mahautan Yahudawa da ke fitar da kitse kullum, kitsen da su ba za su ci ba, ga kuma maƙwabci Musulmi mai bukatar abin miya. Layin nan da muke tsallakewa a zaure fatawa ce ta kasuwa, an rubuta ta don yara su san abin da za su yi idan an aike su sayen nama.

Bayan ƙarni biyu, birnin Ƙurɗuba na Andalus ya haifi mutum biyu da suka waiwayi mas'alar, kowa daga ɓangarensa. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya jera saɓanin malamai da musabbabinsa a Bidayatul Mujtahid. Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Misira a 1204, babban malamin Yahudawa kuma likita a fadar Ayyubawa, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci, ya nemo wa dokar dalili na likitanci: kitsen ciki yana cushe mutum, yana ɓata narkewar abinci, ya fi dacewa da wuta. Likitocin yau da ke gargaɗin masu hawan jini a kan kitsen dabba ba za su yi masa musu sosai ba, ko da yake ni ban ga wannan dalili ya bayyana abin da ya sa kitsen barewa ya kuɓuta ba. Bagade ne kaɗai ke bayyana wannan.

Risala ta ƙetaro Sahara, Yahudawan da ta ambata ba su ƙetaro da yawa ba. Yahudawa sun daɗe a Tuwat, kan hanyar ayari, suna fatauci da ƙirar zinariya a garin Tamanɗiɗ. Wajen 1492 Shehu Magili ya tayar musu, aka rushe majami'arsu, aka kashe wasu, sauran suka watse, duk da cewa alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa ya ce suna da alkawarin amana. Wannan Magilin ne ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya shiga Katsina, ya je Gawo wurin Askiya Muhammadu. Muna girmama shi saboda abin da ya rubuta wa sarakunanmu a kan adalci, amma a wannan mas'ala zuciyata tana tare da alƙalin. Lokacin da Waca da Dungas da Mirya suke ƙasashen Tsotsebaki a ƙarƙashin inuwar Barno, da lokacin da Damagaram ta mamaye su a ƙarni na 19, ayarin Tarabulus na sauka a Zinder da takarda da littattafai, amma ba a kafa unguwar Yahudawa ko mahautarsu a nan ba. Hukuncin ya zauna a takarda, malamai suna miƙa wa ɗalibai shi baki da baki kamar yadda suka karɓa.

Wuri ɗaya ya rage a duniya inda ido zai ga abin da Littafin Firistoci ya siffanta. A kan dutsen Garizim, kusa da Nablus a Falasɗinu, akwai Samariyawa, jama'ar da ba ta kai mutum dubu ɗaya ba, waɗanda suka rabu da Yahudawa tun kafin zuwan Annabi Isa (AS). Duk shekara a idin Fasaha suna sa fararen kaya, su yanka raguna da faɗuwar rana, su ciro kitse su barbaɗa gishiri su ƙona a bagade, sannan su soke ragunan da dogayen itatuwa su gasa a rami. Mutumin Waca da ya ga hotonsu zai ce layya ce, sai ya lura da inda kitsen ya tafi.

Roƙona ga malamanmu na zaure, a Waca da Magarya da Dungas, shi ne idan ɗalibi ya iso wannan layi a babin layya, a dakata masa ko da na zama ɗaya ne. A gaya masa wane kitse ake nufi, a nuna masa shi a jikin ragon salla, a gaya masa Ƙairawan da Khaibara da Haikalin da aka rushe a shekara ta 70, sannan a juya shafi.